Idan kotu ta yi wa miji iyaka da matarsa: yadda odar kariya take aiki

Duk wanda ya taɓa raka 'yar'uwarsa caji ofis a kan dukan miji ya san yadda abin yake ƙarewa. Za a zaunar da ita a benci, ido a kumbure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A aika a kira mijin. Ya iso da wansa ko wani abokinsa mai baki, a shiga daga ciki, jim kaɗan a fito ana tafawa. Sai a yago falle ɗaya a ce ya rubuta cewa ba zai ƙara ba, ya sa hannu, ita ma ta sa. Daga nan wani mai igiya biyu ya dube ta ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan maganar gida ce. Ku je ku sasanta." Kafin magariba tana ɗakin da aka dake ta, shi kuma yanzu fushinsa biyu ne, domin ta kai shi gaban hukuma.

Wannan fallen takarda da ake kira yarjejeniya ba shi da haƙori. In ya karya ta babu abin da zai same shi nan take, sai dai a sake sabon zama a sake yago wani fallen. Amma akwai wata takarda da ta yi kama da ita a ido, wadda alƙali ne yake bayar da ita, kuma karya ta laifi ne mai kai mutum gidan yari. Ita ce odar kariya. A bakin mutanenmu, abin da ya fi kusa da ita shi ne abin da mai ƙara yake roƙo in ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini iyaka da shi," ko "a shiga tsakaninmu." Bambancin kawai, wannan iyakar a rubuce take dalla-dalla, kuma tana tafe da takardar kamu a bayanta.

Asalinta a dokar tarayya shi ne dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ƙudirin ya shafe fiye da shekara goma yana kai da komo a Majalisar Tarayya kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa masa hannu ranar 25 ga Mayun 2015, kwana huɗu kafin ya miƙa mulki. Legas ta riga tarayya, tana da tata dokar ta rikicin cikin gida tun 2007. Wanda ya ɗora sassan odar kariya na dokar tarayya a kan dokar Afirka ta Kudu ta 1998 zai ga kamar an tsaga kara, har jerin matakan iri ɗaya ne.

Abu na farko da yake rikita mutane shi ne hurumi. Dokar ta 2015 a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, Babbar Kotun Birnin Tarayya ce ke sauraron ƙararrakinta, hukumar hana fataucin mutane ta NAPTIP kuma aka ɗora wa kula da ita. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018. Bayan kullen korona na 2020, lokacin da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata, sai jihohi suka yi ta bi: Bauchi, Jigawa, Borno da sauransu. Kano ce aka fi daɗewa ana jira. Kuma ba kowace jiha ce ta kwafe dokar yadda take ba, wasu sun rage, wasu sun ƙara, wasu sun sauya kotun da za a je. Ma'ana, matar da ke Kubwa da ƙanwarta da ke Mararraba ba a ƙarƙashin doka ɗaya suke ba, duk da cewa motar haya ɗaya ce ke haɗa su: ɗaya tana Abuja, ɗaya tana Nasarawa. Abin da zan warware a nan tsarin dokar tarayya ne, domin shi ne uwar sauran. Wanda yake wata jiha sai ya nemi tasu ya gwada.

To mene ne odar take yi? Ba saki ba ce, aure yana nan daram. Ba kuma hukuncin laifi ba ce, babu wanda aka ɗaure ranar da aka bayar da ita. Jerin hani ne. Alƙali na iya hana wanda ake ƙara sake taɓa mai ƙara, ko sa wani ya taɓa ta a madadinsa. Yana iya hana shi zuwa gidan da ta koma, ko wurin aikinta. Yana iya hana shi shiga wani ɓangare na gidan da suke zaune tare, ko ma gidan gaba ɗaya in alƙali ya ga hakan ne maslaharta. Yana iya hana shi korar ta daga gidan, ko sayar da shi, ko jinginar da shi don ya bar ta a titi. In yana da bindiga ko wani makami, a ce a karɓe. A haɗa ta da ɗan sanda ta je ta kwaso kayanta. A sa shi biyan kuɗin haya ko kuɗin buƙatun gaggawa. In akwai yara kuma alƙali ya ga haɗari, a hana shi ganinsu ko a gindaya sharuɗɗan ganin.

Wannan na hana mutum shiga gidansa shi ne yake tayar wa maza da yawa hankali, kuma ban ga laifin wanda ya ji abin banbaraƙwai ba. A al'adarmu mace ce take fita. Ita ke yin yaji, ita ke ɗaure ƙullin kaya ta nufi gidan iyayenta da goyo a baya. Dokar ta juya abin: me ya sa wadda aka daka ita ce za ta rasa makwanci, yara su rasa makaranta, wanda ya yi dukan kuma ya miƙe ƙafa a falo? Sai dai a aikace, a gidan gado inda uwar miji take sashe ɗaya, ƙannensa suna ɗaya sashen, ga kishiya a ɗakin da ke kallon nata, wace mace ce za ta iya zama bayan kotu ta fitar da ɗansu? Waɗanda suka tsara dokar, gidan mutum biyu da 'ya'yansu suka hango. Shi ya sa a wajenmu sashen da ya fi amfani shi ne na hana shi bin ta inda ta koma, da na raka ta kwaso kaya, da na kuɗin ciyarwa.

Neman odar ba sai da lauya ba, ko da yake samunsa yana rage wahala. Ana shigar da buƙata a rubuce wajen magatakardan kotu, haɗe da takardar rantsuwa da ke bayyana abin da ya faru. A nan ne yawancin ƙararraki suke yin ƙarfi ko su mutu. "Yana cutar da ni kullum" gaskiya ce, amma ba ta ba alƙali abin riƙewa. Abin da yake so ya gani shi ne: ranar kaza da daddare ya shaƙe ni a bakin ƙofar kicin, maƙwabciya ta ji ihu ta shigo, washegari na je asibiti, ga katin, ga hoton wuyana, ga saƙon murya da ya turo a WhatsApp yana cewa in na faɗa wa yayana sai ya kashe ni. Mata da yawa suna goge irin waɗannan saƙonnin don kada yara su ji, ko don zuciya ba ta son sake sauraro. Gara a tura wa wata amintacciya ta ajiye. Haka katin asibiti: matar da ta ce wa likita faɗuwa ta yi a banɗaki don ta rufa wa miji asiri, ta rubuta wa lauyansa hujja da hannunta. Cibiyoyi irin su Salama a Kaduna, Waraka a Kano da Nana Khadija a Sakkwato, duk da an kafa su ne musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe, sun san yadda ake rubuta rahoton rauni da kotu za ta karɓa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam suna taimakawa ba tare da kuɗin lauya ba.

Dokar ta san cewa wadda ake duka ba kullum take iya fitowa ba. Don haka ta yarda wani ya shigar a madadinta: ɗan sanda, ma'aikacin jinya, jami'in walwala, malamin makaranta, ko wani mai kishin lafiyarta, muddin ta yarda a rubuce. Ba a buƙatar wannan yardar in yarinya ce ƙarama, ko mai taɓin hankali, ko tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, ko kotu ta gamsu ba ta da halin bayarwa. Yaro ma yana iya nema ba tare da iyayensa ba, wanda hakan yana da ma'ana in aka tuna cewa wani lokacin uban ne ake gudu. Babu kuma wa'adi, ba za a ce mata ta makara ba. Kuma ba mata kaɗai dokar ta rufe ba. Mutanen Abuja ba su manta da Bilyaminu Bello ba, wanda ya rasu a Nuwamban 2017, kotu kuma ta yanke wa matarsa Maryam Sanda hukuncin kisa a Janairun 2020. Miji, tsohuwar da ɗanta yake duka, 'yar aiki, ɗan riƙo, duk ƙofar a buɗe take gare su.

Daga nan sai mataki biyu. Na farko odar wucin gadi. In alƙali ya karanta takardun ya ga alamar gaskiya a fuskarsu, cewa an yi cin zarafi ko ana yi ko yana dab da faruwa, yana iya bayar da oda nan take ba tare da ya ji ta bakin wanda ake ƙara ba. Mutane sukan ce wannan ai zalunci ne, ina aka taɓa yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya? Amsar ita ce ba hukunci aka yanke ba, wuta aka yayyafa wa ruwa kafin a tambayi wanda ya kunna. Masu aikin ceto mata a ko'ina sun daɗe da lura cewa lokacin da mace ta yunƙura za ta fita, ko miji ya ji ta kai ƙara, yana cikin lokutan da suka fi haɗari a gare ta. In aka ce sai an kai masa sammaci an jira mako biyu, to mako biyun nan a hannun wa take? Odar wucin gadi tana ɗauke da ranar dawowa kotu, kuma dokar ta ce kada ranar ta gaza kwana 5 bayan an miƙa masa takarda, don ya sami damar shiryawa.

Miƙa takardar nan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ba ya karya umarnin da bai sani ba, kuma kotu ba za ta tabbatar da odar a bayan idonsa ba sai ta gamsu an kai masa. Maza masu wayo sun san haka, sai su shiga wasan ɓuya da masinjan kotu: yau ya yi tafiya, gobe maigadi ya ce ba ya nan. Shi kansa masinjan sau da yawa ba ya motsi sai an ba shi na mota. Mai ƙara da ta san shagonsa a kasuwa, da masallacin da yake sallar asuba, da majalisar da yake zama bayan la'asar, ta riga ta yi rabin aikin.

Yanzu mu juya wajen wanda aka kawo wa takardar, domin shi ma yana da haƙƙi, kuma ba duk wanda aka yi ƙara ne mai laifi ba. Kuskure mafi girma shi ne ya yi banza da ita, ya ce shi ba zai tsaya gaban alƙali da matar da ya biya sadakinta ba. In ranar ta zo bai halarta ba, kuma an tabbatar takarda ta same shi, kotu za ta mayar da odar ta dindindin bisa abin da mai ƙara ta rantse a kai. Kuskure na biyu shi ne ya karya ta kafin ranar, don yana ganin ƙarya aka yi masa. Ko da ƙaryar ce, odar tana aiki har sai alƙali ya janye ta. Wanda aka hana zuwa gidan surukansa, ya je da dare "don su fahimci juna", ya ba da kansa.

Akwai tarko na uku da ya shafe mu musamman, wato biko. Mun saba in mace ta yi yaji a tura kawu, a tura limamin unguwa, a tura aminin uba. Wannan a karan kansa ba laifi ba ne, kuma aure da yawa ta haka ya tsira. Amma in odar ta hana tuntuɓar ta ko matsa mata, sai ga ƙannen miji mata sun yi sallama suna cewa, "Yaya, ki janye ƙarar nan ko ki ga abin da zai biyo baya," to alƙali zai iya ɗaukar wannan a matsayin aike, kuma aiken yana kan wanda ya aika. Wanda ke son sulhu da gaske ya karanta takardar layi-layi, ya bi ta hannun lauya ko ya faɗa wa kotu a fili.

Abin da ya kamace shi shi ne ya rubuta tasa takardar rantsuwar yana amsa zargi ɗaya bayan ɗaya, ya kawo shaidunsa, ya zo ranar. Ya kuma san cewa ma'aunin a nan ba irin na shari'ar laifi ba ne, inda sai an kawar da duk wani kokwanto. A nan rinjaye ake dubawa: maganar wa ta fi kama da gaskiya? In ba shi da lauya, kotu na iya hana shi yi wa matar tambayoyi kai tsaye, sai dai ya faɗa wa alƙali tambayar, alƙali ya maimaita mata. Wanda ya taɓa ganin yadda mace take daburcewa in mutumin da ya shekara goma yana daka mata tsawa ya zuba mata ido a kotu, zai gane hikimar wannan. In kuma ƙage aka yi masa, dokar ba ta bar shi haka ba: yin ƙarya da gangan a takardar rantsuwar laifi ne mai hukuncin tara ko ɗauri. Daga baya kowane ɓangare na iya neman a sassauta odar ko a soke ta, amma in mai ƙarar ce ta nema, sai kotu ta gamsu da cewa don kanta ta zo, ba turo ta aka yi ba.

Haƙorin odar yana cikin wata takarda ta biyu da mutane ba su cika sani ba. Duk lokacin da kotu ta bayar da oda, tana haɗawa da takardar izinin kama wanda ake ƙara, amma a rataye, ba za a yi aiki da ita ba muddin yana bin sharuɗɗa. Ranar da ya karya, mai ƙara ta ɗauki takardar da rantsuwar cewa ya karya ta kai wa 'yan sanda. In akwai alamar tana cikin haɗari na kusa, dole su kama shi nan take. In babu, su ba shi takardar gurfana a kotu. Hukuncin karya odar a dokar tarayya tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A 2015 wannan kuɗi ne mai nauyi. Yau wani ɗan kasuwar zai biya daga aljihun gaba. Ƙanƙantar tarar na cikin hujjojin da aka kawo lokacin da ƙudirin Sanata Jibrin Isah na soke dokar a sake ta ya tayar da ƙura a 2024, inda ƙungiyoyin mata suka ce gyara ake buƙata, ba rushewa ba.

Kuma odar ba ta hana a tuhume shi da laifin dukan kansa. A dokar, dukan abokin aure na iya kai mutum ɗaurin shekara 3, korar mata daga gida da ƙarfi shekara 2. Wannan ya ci karo da wani tsohon sashe da har yanzu lauyoyi suke jayayya a kansa, sashe na 55 na kundin hukunta laifuka na Penal Code da Arewa ta gada tun 1960, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya "ladabtar" da matarsa in al'adarsu ta yarda, matuƙar bai yi mata mummunan rauni ba. Ɗan sandan da aka horar a kan wancan kundin, shi ne yau ake kai wa odar kariya ya zartar. Ba mamaki ya ce maganar gida ce.

Wasu suna kallon duk wannan a matsayin kayan aro daga Turai, kuma wannan zargin ne ya jinkirta dokar a majalisun jihohi da dama. Amma wanda ya zauna a kotun shari'ar Musulunci ya san cewa fiƙihun Malikiyya bai bar mace a hannun mai cutar da ita ba. In ta tabbatar da cutarwa, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, saɓanin khul'i. In ta yi ta kawo ƙara babu shaida, malamai sun ce alƙali ya zaunar da su a tsakiyar mutanen kirki waɗanda za su sa ido su ba da shaida. In abin ya ƙi, a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni. Wato tunanin cewa hukuma ta shiga tsakani tun kafin a kai ga gawa ba baƙo ba ne. Abin da odar kariya ta ƙara shi ne sauri, da takardar kamu, da kuma rufe wanda ba aure ne ya haɗa su ba: tsohon miji da ya saki amma bai daina tare hanya ba, ko saurayin da aka ƙi. Kotun da ke raba aure ba ta da abin yi da mutumin da aure ya riga ya ƙare tsakaninsa da ita, alhali sau da yawa shi ne ya fi zama barazana.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka, ko tilasci a shimfiɗa, ko cin mutunci daga miji, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema, mafi yawansu gida suka nufa. Can ne uwa take cewa, "Haba 'yar nan, wace ce ba a taɓa mara ba? Koma ɗakinki, kada ƙannenki su rasa mijin aure." Can ne kuma uba yake lissafin bakin da zai ƙaru a tukunya in ta dawo da yara huɗu. Alƙali na iya rubuta cewa a kai ta wuri mai aminci, amma gidajen fakewa na gwamnati da na ƙungiyoyi 'yan kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Matar da ta fito daga kotu da oda a jaka, ƙarfe biyu na rana, tambayar da ke gabanta ita ce inda za ta kwana yau, da wanda zai ɗauko yara daga islamiyya, da ko yayanta zai ɗaga waya in ta kira.